Meshach Kure da Akwatin Ƙorafi

Meshach Kure mutumin Kwoi ne, ƙasar citta, amma rabin rayuwarsa a Rafin Tsamiya ya yi ta, wani ɗan gari da ke gefen hanyar Gwagwalada. Ya sauko yankin ne tun birnin Abuja yana kwance a takarda a hannun masu awo. Da su ya fara aiki: yana riƙe musu doguwar sanda mai ja da fari a tsakiyar ciyawa, su kuwa suna leƙensa daga nesa ta cikin na'ura, suna yi masa alama da hannu ya matsa dama ko hagu. Da aka buɗe ƙaramin ofishin hukuma a Rafin Tsamiya, sai aka ɗauke shi masinja, aka ba shi kaki biyu da keke. Dogo ne siriri, mai tafiya a hankali kamar wanda ke tsoron tashin wani daga barci. Ran Lahadi yakan rataye kakin ya sa farar riga, domin dattijo ne a cocinsu, shi ke zama bakin ƙofa yana nuna wa baƙi wurin zama.

Shekarun yawo da takardu sun koya masa cewa takarda ba ta tafiya ita kaɗai, kullum da abin da ke biye da ita a baya. Ya taɓa kai takardar da ta ce za a zo awo, bayan wata uku katafila ta iso. Ya taɓa kai wadda ta ce za a ƙidaya gidaje don a kawo famfo, aka ƙidaya, aka tashi ƙauyen. Saboda haka yana ɗaukar takarda da hannu biyu, yana kai ta inda aka aike shi, amma bai taɓa yarda da ita ba. Matarsa Mabel takan ce ko katin gayyatar biki aka miƙo masa sai ya juya shi sau uku.

Abin da ya same shi ya faru ne a shekarar da kujerar mulki ta tashi daga Legas ta nufo Abuja. Tun daga farkon damina maganar ke yawo: mutanen Legas na tafe da fayilolinsu da manyansu, za a haɗe ƙananan ofisoshi, kowane tebur zai sami masu nema biyu. A ofishin Rafin Tsamiya ma'aikata suka daina barin kofunansu a kan tebur. Goro ya daina zagayawa. Akawun da ya shekara goma yana faɗawa kan kujerarsa ba tare da dubawa ba ya koma sai ya karkaɗe ta da hankici. Sakataren ofishin, Malam Badaruddeen, Bazazzagi ne mai farin gilashi, ba mugun mutum ba ne, amma an riga an raɗa masa cewa akwai mai ido a kan kujerarsa, kuma ba a faɗa masa ko wane ne ba. Wanda aka gaya wa haka ba ya sake ganin fuska sai ya nemi abin da ke bayanta.

A cikin wannan hali ne ciyaman, shugaban hukumar yankin, ya dawo daga wani taro a ƙasar waje, inda shugabannin ƙananan hukumomi na ƙasashe da dama suka zauna suna shawarar yadda za a kusanto da hukuma ga talaka. Ya dawo da hotuna da sabuwar jaka da dabara guda. Aka kira kafinta ya haɗa akwati, aka shafe shi da koren fenti, aka tsaga masa ɗan siririn baki a sama, aka kafa shi a jikin ginshiƙin ƙofar kasuwa. A samansa aka rataya allo, Sakatare da kansa ya tsara kalmomin: Faɗi damuwarka, ba a tambayar suna. Aka sa kwaɗo, aka danƙa wa Meshach makullin. Kowace Litinin zai buɗe, ya kwashe abin da ke ciki ya kai wa Sakatare. Aka kuma sanar cewa a watan Nuwamba baƙi daga waɗancan ƙasashe za su zo su ga yadda dabarar ta kama ƙasa.

Kasuwa ta dubi akwatin ta gefen ido. Wasu suka ce akwai na'urar ɗaukar hoto a ciki. Wasu suka ce da takardun za a gane masu taurin kai, a fara tashinsu in rusau ya zo. Sarkin fawa ya ce shi bai taɓa ganin abin da ke da baki ba shi da kunne ya yi wa kowa amfani ba. Mako huɗu Meshach yana buɗewa yana tarar da ɓawon gyaɗa, da murfin kwalba, da wata tsaka da ta mai da wurin ɗakinta. Sakatare ya fara ƙorafi cewa akwati wayam abin kunya ne a gaban baƙi.

Litinin ta biyar, bayan an kwana ana ruwa, Meshach ya ɗaga murfin ya tsaya cik. Abubuwa uku ne a kwance a ƙasan akwatin, kowanne bai fi akwatin ashana ba. Takarda ce aka ninke ta, aka sake ninkewa har ta zama ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu, aka naɗe da leda, aka ɗaure da zare tamau, gicciye da tsaye. Ta jikin ledar ana hango inuwar baƙar tawada da lanƙwasar haruffan Larabci. Biyu baƙin zare, ɗaya ja. Meshach ba Musulmi ba ne, amma babu wanda ya girma a Arewa bai san kamar laya ba.

Ya kwashe su da hankici ya kai ofis. Sakatare ya miƙa hannu, yatsunsa suka kusa taɓawa, sai ya janye kamar wanda ya ga kunama. Ya tura kujerarsa baya, leɓɓansa na motsi. Ya tambayi Meshach ko ya taɓa su da hannu, ya tambaye shi wa ya gani a wurin, ya tambaye shi wa ya gaya wa. Mai jan zaren ta fi tayar masa da hankali. Daga ƙarshe ya ce a fita da su bayan ofis a ƙona, kada kowa ya ji.

Meshach bai ƙona ba. Tun yana yaro ya ji ana cewa abin da aka ɗaure, wuta kwance shi take yi, kuma kan mai ƙonawa yake fara sauka. Gida ma ba zai kai su ba. Ya sami tsohon gwangwanin madara ya zuba su, ya cusa a saman rumfar da yake jingine kekensa. Litinin ta gaba ya tarar da biyar. Wadda ta biyo baya, huɗu. Kafin Oktoba ya ƙare gwangwanin na ɗauke da goma sha tara. Kowane mako sai ya nuna wa Sakatare daga bakin ƙofa, Sakatare ya yi masa alama da hannu ya fita da su. A tsakanin nan ciwon kai ya kama Sakatare kwana uku, motarsa ta mutu a kan gada, wata takarda da ya sa wa hannu ta ɓace. Duk ya haɗa su wuri guda a ransa.

Ran wata Laraba ya kira Meshach ya ce ya rufe ƙofa.

"Makullin nan guda nawa ne?"

"Ɗaya ne, Oga."

"Yana hannun wa?"

Meshach ya yi ƙoƙarin nuna masa cewa bakin akwatin a buɗe yake ga duk mai wucewa, ba sai da makulli ake jefa abu ba. Sakatare ya ce ya sani. Ya ce ya kuma san cewa mutum ɗaya ne ke kawo abubuwan nan har bakin ƙofarsa kowane mako, kuma wanda ke son asiri ya isa ga mai shi, masinja yake nema. Ya ba shi zuwa Jumma'ar sama. Ko ya kawo sunan mai jefawa, ko kuwa shi Sakatare ya rubuta wa hedkwata cewa masinjan ofis na shigo da kayan tsibbu, a sallame shi.

Ba korar ce ta fi tsaya wa Meshach a rai ba, dalilin korar ne. Dattijon coci, mai zama a bakin ƙofa da farar riga, a ce an kore shi daga aiki saboda layu. Maganar za ta riga shi isa coci, ta riga shi isa Kwoi, ta zauna a kan sunan 'ya'yansa. Da ya gaya wa Mabel, ta ajiye muciya ta ce su yi addu'a. Suka yi. Bayan sun ce amin ta ɗago ta dube shi, ɗan kallo kaɗan, ta tambaye shi ko dai akwai wanda ya ba shi saƙo ya karɓa bai sani ba. Ya gane abin da take tambaya. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Ya koma gadin akwati. Kowace safiya yakan kifa kekensa a gindin wata rumfa da ke fuskantar ƙofar kasuwa, ya yi ta jagwalgwala sarƙa kamar ta lalace. Kwana biyu babu wanda ya ko kalli akwatin. A na uku, da hantsi, sai ga Zaituna.

Zaituna Bakatsiniya ce mai tuyar waina a bakin tasha, mijinta ya rasu ya bar ta da tanda da 'ya'ya huɗu. Shekara goma sha ɗaya Meshach na karyawa a wurinta. Ita ce ta riƙe Mabel a bayan a-kori-kura har asibitin Gwagwalada ranar da haihuwar autansu ta zo da gardama. Ta iso ƙofar kasuwa da bokiti a hannu, ta dubi dama, ta dubi hagu, ta kwance bakin mayafinta, ta tura wani abu cikin akwatin da babban yatsa, ta wuce da sauri ba ta waiwaya ba.

Meshach ya zauna a ƙasa, hannunsa baƙi ƙirin da man sarƙa. Ana zaton wuta a maƙera, ga ta a masaƙa. Ya shiga tuno wainar da ya ci a shekara goma sha ɗaya, da ƙarin da take yi masa ba tare da ya roƙa ba, da tambayoyin da takan yi masa tana juya tanda: yaya Oganku, yaushe baƙin za su zo, da gaske ne za a tashi kasuwa. Jiya hira ce. Yau kowace tambaya ta fito da haƙora.

Suna dai ya samu. Taku ɗari biyu ne tsakaninsa da ofis, kalma ɗaya ta ishe shi wanke kansa. Sai ƙafarsa ta kai shi tasha. Ya zauna a bencinta, ta zuba masa waina ta tura masa, ya bar ta tana hucewa. Ta dube shi ta tambaye shi ko yau azumi suke yi a coci, ko kuwa Maman yara ce ta fara iya tuya. Ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce cikinsa ne. Ya tashi bai iya tambayarta komai ba.

A hanya ya yanke shawara. Zai fara sanin abin da aka ɗaure a ciki. In na kisa ne ko na haukatarwa, zai faɗi sunanta, ko da ita ce ta haife shi. Wanda zai iya gaya masa kuwa mutum ɗaya ne: Malam Muktar tela, Bakano, mai shago a layin 'yan yadi, wanda ke jan salla a ɗan masallacin kasuwa, ana kuma cewa ya san abubuwa.

Ya je bayan la'asar da gwangwanin a cikin jakar aiki. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, kowa na auna ɗan'uwansa. Da ya buɗe gwangwanin ya ajiye a kan teburin yanka, Malam ya daina taka keken ɗinki. Ya dubi gwangwanin, ya dubi Meshach, ya dubi bakin ƙofa. Ya tambaye shi wa ya aiko shi. Meshach ya ce ba kowa. Malam ya ce masinja ba ya tafiya ba aike. Meshach ya rantse masa da abin da yake bautawa, ya zayyana masa halin da yake ciki, ya ce ba ya neman sunan kowa a wurinsa, so yake kawai ya san mugun abin da ke ciki da yadda ake karya shi.

Malam ya sunkuya kan gwangwanin. Ya sa yatsa ya juya ƙullin da ke sama.

"Masinja, tsaya. Ba a buɗe su ba?"

"Wa zai buɗe, Allah gafarta Malam?"

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Malam ya cire gilashinsa ya fara dariya ƙasa-ƙasa, kafaɗunsa na rawa, dariyar da ta yi ta raguwa har ta koma tsaki. Ya nuna masa kan kekensa. Jan zare ne a jiki, irinsa sak.

Malam ne ya rubuta su duka. Mata ne da tsofaffi ke zuwa shagonsa ɗaya bayan ɗaya, su tsuguna kamar sun kawo ɗinki, su faɗi damuwarsu, shi kuma ya rubuta da ajami, don shi ne rubutun da Allah ya ba shi. Ambulan ba ya shiga bakin akwatin, kafinta ya tsaga shi kamar bakin asusu, dole a ninke. Murfin yana yoyo, dole a sa leda. Zare kuwa, duk wanda ke kan keke ranar shi yake ja. Jan nan na rigunan 'yan makaranta ne. Meshach ya tambaye shi to me ya sa ake ɗaurewa haka tamau, gicciye da tsaye, kamar ba a so a kwance har abada.

"Saboda kai," in ji Malam. "Matan suka ce a ɗaure yadda masinja ba zai leƙa a hanya ya mayar ba a gane ba."

Meshach ya ji maganar har cikin ƙashinsa. Ashe duk makonnin da yake kallon kasuwa, kasuwa ma shi take kallo.

Malam ya ɗauki reza ya yanke zaren guda, ya warware, ya shimfiɗa a gwiwarsa ya karanta masa a hankali. Bayan sallama da addu'a ga shugabanni, masu takardar na sanar da hukuma cewa rijiyar kasuwa, wadda masu kwangilar hanya suka rufe da kankare suka ce na mako biyu ne, yau wata bakwai ke nan. Mata na gangarawa rafi, gangaren na da santsi, biyu sun faɗi, ɗaya da ciki. Sauran ya faɗa masa da ka, don ya san abin da ya rubuta. Akwai ta hanyar maƙabarta da aka toshe da waya. Akwai ta ɗakin shan magani da ake rufewa kafin azahar. Akwai ta wani tsoho da awakin maƙwabcinsa. Akwai guda shida da ba su ƙunshi ƙorafi ba sam, tambaya ɗaya ce kawai a cikinsu: da gaske ne za a tashe mu, in da gaske ne a faɗa mana kafin mu yi shuka.

Meshach ya roƙe shi ya biyo shi ofis ya yi wannan bayani da bakinsa. Malam ya ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Ya ce yau a ce masa na gode, gobe a rubuta lamba da jan fenti a jikin shagonsa. Sannan ya kafe shi da ido ya ce allonsu ya ce ba a tambayar suna. In ƙarya ne ya faɗa masa yanzu, ya daina ɓata tawadarsa, ya kuma gargaɗi matan. Meshach ya ce shi ba zai iya rantsuwa a madadin hukuma ba, bai taɓa iyawa ba. Bakinsa kaɗai yake da iko da shi. Malam ya ce to ya riƙe wannan ɗin.

Ran Jumma'a da safe ya shiga ofishin Sakatare da gwangwani a hannu ɗaya, reza a ɗayan. Sakatare ya miƙe tsaye ya ja da baya har ya jingina da kabad, yana tambayarsa ko ya haukace ne, ba ya ce a ƙona ba. Meshach ya matso gaban teburin. Ya zazzage su a kan tebur, ya shiga yanke zare ɗaya bayan ɗaya, yana warwarewa, yana lallashe kowace takarda da tafin hannu har ta kwanta. Bai tsaya ba sai da ya gama.

Malam Badaruddeen ya yi karatun allo a Zariya kafin a kai shi boko. Daga inda yake tsaye ya miƙa wuya. Ya matso taku ɗaya. Leɓɓansa suka fara motsi, wannan karon ba addu'a ba ce. Ya karanta ta farko bai taɓa ta ba, ta biyu ya ɗauka da yatsa biyu, daga ta uku ya zauna. Ya karance su duka, fanka na juyawa a sama, gefen takardun na ɗagawa suna komawa. Da ya gama ya cire gilashi ya murza idanunsa, ya daɗe a haka. Meshach ya ga kunya a fuskarsa, ya sunkuyar da kai don kada ya ga an gani. A ransa ya ce an gama.

Sai Sakatare ya mai da gilashin, ya jera takardun gefe da gefe, ya bi su da yatsa.

"Hannu ɗaya ne," ya ce.

Ya ce mutum goma sha tara ba sa rubutu iri ɗaya. Ya ce wani ne ya zauna ya tsara wannan, daidai lokacin da baƙi ke tafe, daidai lokacin da hedkwata ke duba wa za a bari wa za a ɗauke, don a ce Rafin Tsamiya na kuka a ƙarƙashinsa. Meshach ya bayyana masa cewa masu maganar da yawa ne, marubucin ne ɗaya, saboda su ba su iya ba. Sakatare ya ce wannan ya nuna ya san shi ke nan.

"Na san shi, Oga. Na san wasu daga masu jefawa ma."

"To ina jin ka."

"Allon ya ce ba a tambayar suna."

"Ni na rubuta allon, Meshach."

"Shi ya sa, ranka ya daɗe."

A waje wani na kiran mai rake. Sakatare ya miƙa hannu ya ce makulli. Meshach ya kwance shi daga ɗamararsa ya ajiye a tebur. Aka ce ya jira a waje. Daga benci ya ji ƙarar tafireta, kuma ba mai buga takardu aka kira ba, Sakatare ne da kansa, da yatsa biyu, yana bugawa yana tsayawa. Da aka sake kiransa teburin wayam yake, babu takardun, babu zaren. Sakatare ya miƙa masa ambulan ruwan ƙasa, an liƙe an buga hatimi a baki, ya ce ya kai hedkwata ran Litinin, hannu da hannu. Bai dube shi ba.

Ambulan ɗin bai yi kaurin da za a ce takardu goma sha tara ne a ciki ba, bai kuma yi sirantar da za a ce falle ɗaya ne ba. Kwana biyu yana kan kabad a ɗakinsu. Mabel ta ce tururin buta na buɗe irin wannan ba a gane ba, matar wani akawu ta nuna mata. Ya ce shekara goma sha uku bai taɓa leƙa takardar da aka aike shi da ita ba, ko da kasuwa ba ta yarda ba, ba zai fara da tasa ba. Ran Lahadi ya sa farar rigarsa ya zauna bakin ƙofa, yana duban masu shigowa yana tunanin wane ne a cikinsu zai fara kau da kai in labari ya zo.

Ran Litinin ya hau mota zuwa Jabi, cikin Abuja, daga nan ya ƙarasa da ƙafa. Bai taɓa ganin birnin haka ba. Manyan motoci daga Legas sun yi layi, ana sauke kabad da kujeru da fankoki, fayiloli ɗaure da igiya an tara su a baranda har sun fi mutum tsawo. Kowa na tambayar kowa ina ofishin wane, babu mai sani. Ya sami akawun karɓar wasiƙu zaune a kan kwali, don teburinsa bai iso ba. Akawun ya sa hannu a littafin Meshach bai ɗago ba, ya jefa ambulan ɗin bisa wani tsibi da ke bayansa. Meshach ya tsaya yana kallon inda ya faɗa har wani ya zo ya sauke wani ɗaurin a kai.

Baƙin sun zo a ƙarshen Nuwamba, su bakwai. An sake wa akwatin fenti. Meshach ne ke riƙe wa ciyaman lema. Wata mata daga Gana ta tambaya ko jama'a na amfani da shi, Sakatare ya ce sosai. Wani dogo daga Kenya ya ce a garinsu nasu akwatin ƙudan zuma ne suka shige, ya nemi a nuna musu ko da takarda ɗaya. Sakatare ya ce an tura su sama. Meshach ya saci kallon fuskarsa, bai karanta komai ba. Aka yi hoto, aka tafa, motoci suka tashi.

Malam Muktar bai sake rubutawa ba. Zaituna ta ji cewa Meshach ya yi kwana uku yana gadin akwati, ta yi mako shida tana zuba masa waina ba ta ce masa ci kanka ba, sai wata safiya ta ce masa in ya sake leƙenta kamar ɓarauniya da man tuya za ta wanke masa ido, ta ƙara masa waina biyu. A watan Fabrairu wasu leburori suka zo da guduma suka fasa kankaren rijiya, suka tafi ba su ce wa ya aiko su ba. Rabin kasuwa suka ce takarda ce ta yi aiki. Rabi suka ce masu kwangila ne ke son ruwa don kansu. Sakatare ya sami canjin wurin aiki da damina. Ranar tafiyarsa ya ba Meshach hannu, ya riƙe ɗan lokaci kamar zai ce wani abu, ya saki. Meshach bai tambaya ba.

Shekara tara ya ƙara yana aiki. A duk tsawonsu, in jakar wasiƙu ta iso daga hedkwata, sai ya bi sunayen da ke bayan kowane ambulan kafin ya raba, yana neman nasa. Tsibin takarda ba ya ruɓewa, wata rana wani zai kai ƙasansa. Sau ɗaya tak sunansa ya fito, a shekarar da ya cika shekarun aiki. Ya kai ambulan ɗin gida bai buɗe ba, ya ba Mabel, ya zauna a bakin gado da kakinsa. Ta karanta masa: hukuma na sanar da shi lokacin ajiye aikinsa, tana gode masa bisa hidima. Ya ce ta sake karantawa, a hankali. Ta sake. Ya ce ta duba bayan takardar. Ta juya ta, ta nuna masa. Fari fat.